Mutum Na Goma Yana Bayan Katanga

Tutzor, bayan Idin Ƙetarewa, 1998

Aka Nerya,

Aminci ya tabbata a gare ka da duk wanda ya rage a gidanka. Har yanzu Aka nake ce maka, wato babban yaya, kamar muna yara. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma hannunka bai fara rawa ba, don an ce har yanzu kai kake yi wa rabin Kokand aski. Kada ka tsaya juya takarda kana neman suna. Ni ce Burho, 'yar Pinhas marini, wadda katanga ɗaya ta raba gidanku da namu. In ka ji wasiƙar tana ƙarnin nama, ka yi haƙuri, Rahmin mai yanka na ba, shi kaɗai ne yake zagaya garuruwanmu yanzu.

Rabona da rubuta maka kalma tun muna da baƙin gashi. Da ba dole ba, da haka za mu ƙare muna gaisawa daga nesa a wurin jana'iza. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ran Litinin na tafi share maƙabarta kamar kullum, sai na tarar da turaku masu jan kai an kakkafa su a jere. Sun taso daga gonar auduga, sun haura katangar maƙabartar ta kusurwar gabas, sun fita ta ɗaya gefen. Ka san wanda yake kwance a kusurwar gabas. Turke guda dab da kan Yuno ɗana aka buga shi, har mai bugawar ya tattake mini furannin da na shuka. Yaron nan shekara bakwai ya yi a duniya bai taɓa tare wa kowa hanya ba, yau an ce ya tare wa gwamnati.

Na tumɓuke turken na kai shi ofishin hakimi a hannuna. Mataimakinsa ya ba ni kujera, ya ba ni shayi. Yaro ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa gaban mutum ya faɗi. Ya ce titi za a yi wa manyan motocin auduga. Ya ce, "Uwa, maƙabartar da ba ta da jama'a, a wurinmu fili ce. Ina jama'arku?" Na ce ga ni. Ya yi murmushi ya ƙara mini shayi. Ya ce kafin tsinkar auduga in kwashe wanda zan kwashe, su za su ba da mota.

In kwashe, kamar barkono na shanya.

Ta wani gefen bai yi ƙarya ba. Tun da gidan mai gyaran agogo suka tashi bara, ni kaɗai ce Bayahudiya a garin nan. 'Yata Mazol ta aiko mini takardun tafiya daga New York, suna ƙasan akwati. Amma ba zan bar Yuno a ƙarƙashin tayar mota ba, kuma ba zan tone shi ba. Mahaifiyarka ma tana nan. Layin turakun bai bi ta kanta ba, sai dai wanda ya ci kusurwa bana, baɗi tsakiya zai nema.

An ce kai ne shugaban jama'ar Kokand yanzu, wataƙila don ba wanda ya rage sai kai. To shugaba, ga aiki.

Ka huta lafiya.
Burho

*

Kokand, ranar Laraba

Da sunan Ubangiji mai jinƙai.

Zuwa ga mai daraja Burho, 'yar marigayi Pinhas, matar marigayi Gabriyel, Allah ya kai haske kabarinsu.

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta iso. Ban juya ta ba, na gane rubutun tun kafin Rahmin ya gama miƙo ta. Hannuna bai fara rawa ba, sai dai ranar ya ɗan yi, har na yanki wani malamin makaranta a haɓa.

Washegari na sa kwat ɗina na tafi ofishin lardi. Abin da aka gaya miki shi aka gaya mini, illa ni ba a ba ni shayi ba. Mutumin ya ce, "Kokand me ya haɗa ta da Tutzor? Ku nawa ne ma a Kokand ɗin?" Ban amsa ba, don kin san ba ma ƙirga kawunan mutane, kuma ko da muna ƙirgawa amsar ba ta daɗi. Mu nan in muna son cika goma don addu'ar jam'i, sai mun aro mutum daga Fargana kamar yadda ake aron garwashi a maƙwabta.

Na yi tunani na ga cewa gari ɗaya ba zai ɗauki wannan kaya ba. Kokand tsofaffi kaɗan ne, Fargana haka, Namangan haka, Andijan haka, Margilan haka. Kowa yana zaune a ɗakinsa yana gadin ƙofarsa. Amma in muka tafi tare muka yi magana da baki ɗaya, wataƙila a ji. Na riga na aika wa Fargana da Namangan.

Matsalar Margilan ce. Kin san abin da ke tsakanina da malaminsu, Mullo Matat. Lokacin da aka rufe ɗakin ibadar Tutzor, ni na ɗauko naɗin Attaura, littafin nan na fata mai naɗewa, na kawo shi nan, domin ni ɗan garin ne. Shi kuma ya ce kakansa ne ya rubuta shi, gadonsa ne, ya kira ni ɓarawo a gaban jama'a ranar wani biki. Tun daga nan ko sallama ba ma yi. In Margilan ba su zo ba Andijan ba za su zo ba, surukan juna ne. Ina neman wanda zai shiga tsakani.

Akwai wata magana ƙarama. Rahmin ya taɓa gaya mini cewa kabarin mahaifiyata ba ya rabuwa da sabuwar tsakuwa a kai. Ni kohen ne, jinin Haruna, ba ni da izinin taka maƙabarta. Sau ɗaya na shiga, ranar da muka binne mahaifiyata, tun daga nan a waje nake tsayawa. Na daɗe ina tunanin wa yake ɗora tsakuwar ziyara a madadina. Ban taɓa tambaya ba, yanzu ma ba tambaya nake ba.

Ki kwantar da hankalinki. Allah ya tsare ki.

Naki cikin girmamawa,
Nerya ɗan Uriyel

*

Tutzor

Aka Nerya,

Aminci a gare ka. Ina lafiya, in ban da gwiwa da kuma takaicinka.

Lallai wanzami ba ya son jarfa. Kai ne mai cewa a haɗa kai, a yi magana da baki ɗaya, amma naka bakin ya ƙi buɗuwa ga Matat. "Ina neman wanda zai shiga tsakani." Wa ya rage da zai shiga? Duk masu shiga tsakani suna Isra'ila suna shan iskar teku.

Jiya an kawo wata mota mai launin ruwan ɗorawa, mai bakin ƙarfe, an ajiye ta a bakin gonar auduga. Daga tagata nake hango ta. Maƙwabciyata Saodat ta shigo da gurasa mai zafi ta same ni ina kallonta, sai ta ja labule. Na je wurin mai unguwa, Ergash-ota, ka tuna shi, tare kuka yi wasan ƙwallo da tsumma. Ya ce, "Burho, wallahi abin yana ci mini rai. Amma ta yaya zan yi kuka a kan mamatan da masu su ba su fara kukan ba? Ku fara, mu muna kusa." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa.

Naɗin nan ba naka ba ne, ba na Matat ba ne. Rigar da ke jikinsa uwata ce ta rina ta, hannunta bai daina shuɗi ba har ta mutu. In gado ake nema, ni ma ina da magana, kuma na yafe. Ka ɗauke shi ka kai masa da ƙafarka.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da na dawo gidanmu daga Andijan da takardar saki a hannu, ban kai ashirin ba, ka zo ka tsaya a bayan katangarmu ka ce mini kohen ba ya auren sakakkiya. Ba ka yi ƙarya ba, haka dokar take, kuma ban taɓa cewa ka karya ta ba. Na yi kukana na gama, na auri Gabriyel, ya riƙe ni da mutunci har Allah ya karɓi abinsa. Ba gori nake maka ba. Amma mutumin da ya iya haƙura da ni saboda Attaura, zai iya haƙura da fatar da aka rubuta ta a kai saboda ni.

Maganar tsakuwa kuma, garin nan cike yake da tsakuwa. Wataƙila iska ce.

Ka gaida ƙafafunka, ka ce su tashi.
Burho

*

Kokand, bayan fitar Asabar

Zuwa ga mai daraja Burho,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Ba ni da amsar sakin layi na huɗu, don haka na amsa shi da mota.

Na naɗe Attaura a mayafin addu'ata, na zaunar da shi a kujerar gaba, na tuƙa zuwa Margilan a hankali kamar mai ɗauke da jariri. Na sami Matat a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi. Ya tsufa, Burho, ban san ya tsufa haka ba. Ya dube ni ya ce, "Wa ya mutu?"

Na ce, "Babu. Waɗanda suka riga suka mutu ne ake so a tayar."

Ya ce, "Meye wannan a hannunka, ɓarawo?"

Na ce, "Kayan satar ne na dawo da su."

Ya karɓa, ya buɗe mayafin, ya ga shuɗiyar rigar, ya kifa fuskarsa a kai. Na juya ina kallon inabi har ya gama. Da ya ɗago sai na ga gemunsa, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kamar akuya ta yi kiwo a wurin. Na ce wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki? Ya ce jikarsa ce, da almakashin ɗinki, tun da wanzamin Margilan ya tafi. Kin san ba na tafiya ba kayan aiki. Yana zaune da zane a wuya na ba shi labarin turakunki. Na ce masa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ce, "Nawa gemun yana hannunka da almakashi, me zan ce ban da to?"

Mun haɗu a Fargana, gari biyar. Mun yi shawara cewa naɗin ba zai zauna a gidan kowa ba, duk garin da goma suka taru, can zai je. Sannan muka rubuta koke. Sai rigima ta tashi kan garin da sunansa zai zo farko. Andijan suka ce su suka fi yawa, Namangan suka ce su suka fi daɗewa, shinkafa ta huce ana musu. Daga ƙarshe matar mai masaukinmu ta kifa farantin shayi a ƙasan takardar, ta zagaye shi da alƙalami ta ce, "Ku sa hannu a kewaye, mai neman farko ya nema." Haka muka yi, muna jin kunya.

Mun kai wa mataimakin hakiminku. Ya juya takardar yana neman inda zai fara karantawa. Ya ce, "Takarda ba ta da ƙafa. Kun ce maƙabartar tana da jama'a, kuna yin addu'a a cikinta. To ku zo ku yi in gani." Ya sa ranar Alhamis ta sama.

Mun yi hayar bas. Amma da muka ware masu iya zaman mota daga masu kwance, sai Matat ya bi mu da ayar nan mai kalma goma da muke ƙirge da ita, kalma ɗaya mutum ɗaya. Kalmar ƙarshe a kaina ta faɗa, ba kowa a bayana. Addu'ar mamata ba ta yiwuwa sai da goma, kuma na goman ba zai iya shiga ba. Na ce a nemo wani, babu. Matat ya ce a bari sai mun je. Ba na samun barci sosai, ina tsoron kada in zama ni ne sanadin da za a ce ba ku da jama'a.

Ki dafa da yawa, 'yan Andijan ba sa wasa da ci.

Naki cikin girmamawa,
Nerya

*

New York

Mama,

Ina gaishe ki, yara suna gaishe ki, maigidana Boris ma yana gaishe ki. Na ba matar Yakub wannan ta taho miki da ita tare da maganin gwiwa, ki sha, kada ki ba Saodat kamar wancan.

Mama, na ji labarin titin. Na yi kuka a wurin aiki har mai shagon ta ce in tafi gida. Yuno yayana ne, ni ma ina mafarkinsa. Amma ki saurare ni. Mutane suna ɗauko ƙasusuwan iyayensu suna kaiwa Urushalima, ba ke kika fara ba, malamai ma sun yarda. Ke kaɗai a gari, da tsintsiya, za ki yi faɗa da gwamnati? Su waɗannan tsofaffin da aka ce za su zo, rabinsu ba sa iya hawa matakala.

Takardunki suna da wa'adi, Mama. Ɗakinki yana nan, na sa miki gadon kusa da taga. Akwai titi guda a nan da duk 'yan garinmu ne, har tanderu akwai. Matattu suna da Allah, mu kuwa ke kaɗai gare mu.

'Yarki mai kewarki,
Mazol

*

Tutzor, ranar Lahadi

Mazol 'yata,

Aminci a gare ki da mijinki da jikokina. Maganin ya iso, mun raba da Saodat, gwiwarta ta fi tawa ciwo. Zauna ki ji yadda Alhamis ta kasance.

Bas ɗin ya iso da hantsi, zafi kamar bakin tanderu. Gaskiyarki, saukowarsu kaɗai ta isa kallo. Wannan da sanda, wancan ana riƙe da shi, mata da tukwane a baya suna yi musu faɗa. Mataimakin hakimi yana tsaye a ƙofar maƙabarta da farar riga. Kowa ya shiga, ban da Nerya wanzami. Shi ya zagaya ta waje zuwa kusurwar yayanki.

Kin tuna bishiyar tut da ke kusurwar, wadda kike ɓata rigunanki da 'ya'yanta? Babban reshenta ya ƙetare katanga. In Amurka ta mantar da ke, kohen ba ya shiga inuwar bishiyar da ta rufe kabari. Don haka bai iya matsowa jikin katangar ba. Ya ja da baya har inda inuwa ta ƙare, ya tsaya a tsakiyar rana, kan layin turakun, da baƙin kwat, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya.

A ciki Mullo Matat ya bi maza da aya, ƙirgar ta tsaya masa a tara. Ya ce Nerya na waje, ba ma ganinsa, ganye ya rufe shi, bai shiga lissafi ba. Wani ɗan Andijan ya ce ya shiga, ai yana jin mu. Ɗan Namangan ya ce ji daban gani daban. Mazol, a gaban baƙon da muka tara don ya ga haɗin kanmu, suka kama musu da hannu da sanda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mataimakin ya dubi agogonsa ya ce mini, "Uwa, wancan tsohon fushi yake da ku?" Na ce a'a, ba ya iya shiga ne, kuma ba ya iya tafiya.

Ashe Ergash-ota yana kallo daga rumfar mai shayi. Ya aika wa Nerya kujera, Nerya ya ce ba a zama, addu'a za a fara. Sai tsohon ya taso da kansa. Saodat ta ji abin da ya ce: "Ɗan Uriyel, a garin ubanka za ka tsaya a rana kai kaɗai, mu muna inuwa? Ka raina mu." Ya tsaya kusa da shi. Mai shayi ya ga mai unguwa a rana, ya kasa zama, ya fito. Masu sayar da kankana suka biyo. Saodat ta matso da surukanta, ɗayarsu ta buɗe lema a kan Nerya. Har direban motar nan mai bakin ƙarfe ya sauko, ya ce baban Nerya ne ya yi masa askin fari. Ba wanda ya kira su, ba wanda ya ɗaga murya. Kawai ba su iya barin baƙo a tsaye ba.

Ni dai na gaji da musun maza. Shekara da shekaru ina share wurin nan, ba a taɓa sa ni cikin goma ba, ban kuma nema ba. Na ɗauki tsintsiyata mai dogon hannu, na tsaya a gefen Yuno, na tokare reshen na ɗaga shi sama iya ƙarfina. Na ce, "Mullo, ga shi nan. Kana ganinsa ko sai na kawo maka tabarau?"

Matat ya leƙa ta kan katanga, ya ga fuskar Nerya, ya ga abin da ke bayan Nerya. Ya ce, "Goma," shi da bai taɓa furta lamba a kan mutane ba. Suka fara.

Hannuwana kamar za su cire, tut yana zubo mini a ka, amma ban sauke ba. Da aka zo wurin amin, na ji ta daga ciki, muryoyi tara na tsofaffi. Sai ta dawo daga waje, Mazol, daga bakin maƙwabtanmu Musulmi, kamar ranar Idinsu. Sun shafa fuska irin tasu, mu muka yi irin tamu. Na saci kallon mataimakin, na ga shi ma hannunsa ya kai fuska kafin ya tuna ko shi wane ne.

Mataimakin ya ƙi cin abinci, ya shiga motarsa. Turakun suna nan har yanzu, kullum da safe sai na duba.

Kin ce matattu suna da Allah. Haka ne. Amma da na tone yayanki na tafi, wa zai tsaya wa uwar Nerya, da sauran da 'ya'yansu suke nesa? Ki bar gadon kusa da taga, kada ki matsa mini. Ina sonki fiye da yadda takarda za ta ɗauka.

Uwarki

*

Kokand

Burho,

Aminci a gare ki. Ki gafarta mini, yau ba ni da haƙurin doguwar gaisuwa.

An kira ni ofishin lardi jiya. An ba ni shayi. Za a karkata titin ta cikin gona, ya bar katanga da bishiyar. Na ce a maimaita, aka maimaita. Wataƙila kafin Rahmin ya iso kin riga kin ga ana cire turakun. Yuno zai kwana inda kika kwantar da shi.

Gari biyar mun sake zama. Ba za mu sallami bas ɗin ba. Duk wata za mu je gari ɗaya da naɗin Attaura, mu yi addu'a, mu gyara abin da ya rushe, hukumar garin ta gan mu. Namangan ne na gaba, ana son karɓe musu tsakar gidan ɗakin ibada. Matat ya ce dole ki zo da tsintsiyarki.

Ɗana ya sake kira daga Isra'ila, ya ce me nake jira. Na ce masa in na tafi sun koma tara. Gaskiya ce, amma ba ita ce duka ba.

Da kika ɗaga reshen nan, an ce in dubi maza tara. Ban dube su ba. Na hango dutsen mahaifiyata, wanda ban taɓa ganinsa sosai ba tun da aka kafa shi, da tsakuwa a kai kamar an zuba da kwano. Iskar garinku tana da ƙoƙari. Sannan na ga ki, hannu sama, fuska duk jan ruwan tut. Sau biyu ke nan a rayuwata ina tsayawa a bayan katanga ina kallonki. Na farko na juya na tafi, kuma ba ranar da ban ji zafinsa ba. Dokar tana nan yadda take, ba abin da nake roƙo. Ina dai so ki san wannan karon ban so a sauke reshen ba.

Nerya

*

Tutzor

Nerya,

Aminci a gare ka. An cire turakun, na karɓi guda zan ɗaure tumatir.

Na mayar wa Mazol takardunta. Na nuna wa Ergash-ota wurina, kusa da Yuno, dab da katanga. Na san ranar ba za ka ɗauki makarata ba, ba za ka shiga ba, kada ma ka fara damuwa.

Jiya na sa ɗan Saodat ya sare reshen. Ba sauran inuwa a waje, kana iya matsowa har ka dafa katangar. Ba sai na mutu ba, ran Litinin nake shara.

Ka taho da kujera da hula, ƙafafunka ba na da ba ne.

Burho